Lambun hamada a ƙasar dusar ƙanƙara

Da an ce hamada, tunaninmu kan tafi ga rana da rairayi mai zafi. Amma akwai hamadar da sanyinta ya wuce na cikin firji. Gobi ta Mongoliya da Sin tana cikinsu, haka ma tsaunukan yammacin Amurka, jihohin Kolarado da Yuta da Nebada. Tsirran waɗannan wurare sun saba da fari da ƙanƙara a lokaci guda, kuma da su ake gina lambun da ba ya shan ruwa a ƙasa mai tsananin sanyi. Birnin Denba na Kolarado shi ne inda wannan sana'a ta fi kafuwa. Yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, ruwan da yake samu a shekara, har da na narkewar ƙanƙara, bai cika kai milimita 400 ba, wato ya gaza abin da Yamai ke samu a damina mai kyau, sannan a hunturu ma'auni kan sauka zuwa digiri 20 ko 25 ƙasa da sifili. A can ne hukumar ruwan birnin ta fito da tsarin lambun tsimin ruwa a 1981, saboda kusan rabin ruwan da gidaje ke sha ciyawar ƙofar gida ce ke shanye shi.

Abu guda da ya kamata mai wannan aiki ya riƙe shi ne, sanyi shi kaɗai ba kasafai yake kashe waɗannan tsirrai ba. Damshi ne ke kashe su, idan ya haɗu da sanyi. Duk sauran dabarun daga nan suka fito.

Yadda tsiron ke shirya wa sanyi

Kaktus, wato tsiro mai ƙaya da ke adana ruwa a jikinsa, idan na ƙasar sanyi ne yana fara rage ruwan jikinsa tun daga watan Satumba. Faifan ganyensa ya yamushe, ya kwanta ƙasa, wani lokaci launinsa ya koma ja-ja ko shuni. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ƙishirwa ce ta kama shi, ya ɗauko bokiti. Kuskure ne. Da gangan tsiron yake yin haka, domin idan ruwan cikinsa ya ragu, sukari ya yi kauri, ƙanƙara ba ta samun damar fasa ƙwayoyin jikinsa. Wanda aka cika wa ciki da ruwa a Oktoba, daren farko da aka yi daskarewa mai ƙarfi zai tsattsage daga ciki, idan ya narke sai ka tarar da shi ya zama kunu.

Ta ƙasa kuma, saiwar da ke zaune cikin ƙasa mai sanyi da laima ba ta aiki, ba ta shan ruwan, ba ta samun iska. Ruɓa kan fara daga wuyan tsiron, daidai inda jiki ya haɗu da ƙasa. Mai lambu ba ya ganin komai sai watan Afrilu, ya taɓa tsiron ya ga ya tsinke a hannunsa. Mutane da yawa kan ɗora laifin a kan daren da ya fi sanyi a Janairu, alhali jiƙewar Maris ce ta yi ɓarnar, lokacin da ƙanƙara ke narkewa da rana ta sake daskarewa da dare.

Wuri

Nemi wurin da ke kallon kudu ko kudu maso yamma, mai samun rana aƙalla awa shida, kuma a hunturu za ka auna, ba a Yuni ba. A Denba ranar tsakiyar Disamba ba ta hawa sama da digiri 27 ko da tsakar rana, don haka katanga mai tsayin mita 2 tana jefa inuwar kusan mita 4 ta arewacinta. Filin da ke ƙonewa da rana a Yuli yana iya yin watanni cikin inuwa a hunturu, ƙanƙara a kansa ba ta narkewa. Gindin bangon da ke kallon kudu shi ne wuri mafi daraja a gidan: bango na tara zafi da rana ya saki da dare, rufin gida kuma yana tare wani sashe na ruwan sama. A nan za ka sa tsirran da kake shakkar juriyarsu.

Guji inda indararo ke zuba, da ƙarƙashin bakin rufin da ke ɗiga, da gefen hanyar mota inda ake tara ƙanƙarar da aka kwashe da shebur. Dusar ƙanƙara mai laushi da ta sauka da kanta ba matsala ba ce, rufi ce ma ga ƙananan tsirrai. Tulin da aka danne, mai haɗe da gishirin da ake barbaɗawa a titi, shi ne guba. Haka kuma kada ka yi lambun a ƙarƙashin itace mai zubar da ganye, don ganyen zai maƙale tsakanin ƙayoyi ya riƙe laima, cire shi kuwa aiki ne ja.

Kafin ka sa diga a ƙasa, a Amurka ana kiran lamba 811 a zo a yi maka alamar inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi. Kyauta ne.

Ƙasa, inda yawancin aikin yake

Fara da gwaji. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa, sannan ka auna yadda yake sauka. Idan yana raguwa da santimita 5 ko fiye a awa, ƙasar na da dama. Idan washegari ka tarar da ruwa a ramin, laka ce mai nauyi, kuma irinta ce a yawancin unguwannin Denba.

Akwai gyara iri biyu da mutane ke yi wa laka, dukansu suna ƙara lalata ta. Na farko shi ne zuba ɗan yashi a cakuɗa. Duk wanda ya ga ana kwaɓa ƙasar tubali ya san abin da ke fitowa idan laka ta haɗu da ɗan yashi ta bushe. Ƙwayoyin laka ƙanana ne ƙwarai, sai su cike duk gurbin da ke tsakanin ƙwayoyin yashin. Sai yashi da tsakuwa sun rinjayi lakar nesa ba kusa ba kafin a ga amfani. Na biyu shi ne haƙa rami a cikin lakar a cika shi da tsakuwa a dasa. Ruwan da ke kewaye duk can zai gangara, tunda nan ne mai sauƙin shiga, kuma ba shi da mafita ta ƙasa. Tsiron zai kwana cikin ruwa duk hunturu.

Mafita ita ce a hau sama. Ana tara tudu a kan ƙasar da ake da ita, tsayin santimita 30 zuwa 45 a tsakiya, yana gangarowa a hankali zuwa gefe. Kafin a zuba, a cire ciyawar wurin da saiwarta, a kuma farfasa saman lakar da diga kamar zurfin santimita 10, a cuɗa kason farko na sabuwar ƙasar da ita, don kada a sami layi mai kaifi tsakanin biyun inda ruwa zai tsaya. Idan akwai ciyawa mai yaɗo mai zurfin saiwa, irin wadda ake kira Convolvulus arvensis, gara a ɓata shekara guda ana yaƙarta kafin a dasa komai. Da zarar ta nannaɗe kaktus, an gama.

Haɗin da ke aiki ga kaktus da agabe (tsiro mai kaurin ganye masu tsini, mai kama da kabar giwa) a wuri mai bushewa irin Denba shi ne kashi biyu tsakuwa fasasshiya mai girman milimita 6 zuwa 10, kashi ɗaya yashi mai kaushi irin na kwaɓa kankare, kashi ɗaya ƙasar wurin. Rairayi mai laushi irin na wasan yara bai da amfani, dannewa yake yi. Takin gargajiya ko ruɓaɓɓen ganye kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma, ga kaktus ma a bar shi kwata-kwata. Wannan yakan yi wa manomi wuyar karɓa, amma ƙasa mai ƙarfi tana sa tsiron hamada ya yi girma da sauri, jikinsa ya yi taushi, ya cika da ruwa, irin jikin da sanyi ya fi so.

Ga lissafi. Fili mai mita 3 a 4, idan matsakaicin kaurin tudun santimita 30 ne, zai ci kubik mita 3.6 na haɗin. Kubik mita ɗaya na tsakuwa ko yashi yana kai tan ɗaya da rabi, don haka kana maganar tan biyar zuwa shida. Wannan kayan tifa ne, saye a buhu-buhu asarar kuɗi ce. Ƙara kashi goma cikin ɗari a kan lissafinka, saboda tudun zai zauna bayan ruwa ya dake shi. Idan da hali, a tara shi a kaka, a bar hunturu ya daidaita shi, a dasa a bazara.

Duwatsu ba ado kaɗai ba ne. A binne sulusi zuwa rabin kowane babban dutse. Yana tara zafi, yana tattara ɗan ruwan sama ya zuba a gindinsa, saiwa kuma tana bin ƙarƙashinsa inda sanyi da zafi ba sa saurin canzawa. Masu lambun ƙasar Cek sun shahara da wata dabara ta jera falalen duwatsu a tsaye, gefe da gefe, da tazarar santimita 2 zuwa 5, a cika tsakanin da yashi da tsakuwa. Saiwa na nutsewa ƙasa sosai, wuyan tsiron kuma a bushe yake kullum. Ga ƙananan kaktus masu siffar ƙwallo, da wuya a sami abin da ya fi wannan.

A ƙarshe a rufe saman da tsakuwa zalla, kaurin santimita 5 zuwa 8, har ta taɓa wuyan kowane tsiro. Kubik mita ɗaya yana rufe murabba'in mita 20 a kaurin santimita 5. Kada a yi amfani da ɓawon itace ko dusar katako, laima suke riƙewa. Kada kuma a shimfiɗa leda ko yadin hana ciyawa a ƙarƙashin tsakuwar. Shekara biyu yana kyau, daga nan ƙura ta taru a kansa, ciyawa ta tsiro ta huda shi da saiwarta, furannin da kake so su zubar da iri su yaɗu kuma ba su da hanyar kaiwa ƙasa.

Abin da za a dasa

Ɗan Sahel da ke zaune a Kanada ko arewacin Amurka zai so ya ga kariya da furenta ja, ko aguwa, ko kabar giwa a ƙofar gidansa. Ba za su rayu a waje ba. Jure fari daban, jure daskarewa daban, waɗannan dare ɗaya na ƙanƙara ya ishe su. A bar su a tukunya, a shigar da su ɗaki kafin Oktoba. Haka ma dogon kaktus mai hannuwa na hamadar Arizona da ake gani a hotuna, ba na ƙasar sanyi ba ne.

A Amurka da Kanada ana rubuta lambar yankin sanyi a jikin takardar tsiro. Yanki na 5 yana nufin dare mafi sanyi a shekara kan kai digiri 23 zuwa 29 ƙasa da sifili, na 6 kuma 18 zuwa 23. Denba na tsakanin biyun. Lambar ba ta faɗin komai game da laima, saboda haka agaben da ke rayuwa lafiya a yanki na 5 a Kolarado yana iya mutuwa a yanki na 7 mai ruwa. A riƙa duba sunan kimiyya, domin sunayen kasuwa suna ruɗarwa.

Kaktus masu faifan ganye su ne mafiya sauƙi. Opuntia polyacantha ɗan filayen Kolarado ne, ko a laka yana zama muddin ba a ba shi ruwa ba. Opuntia fragilis yana tsirowa da kansa har yankin kogin Peace a Kanada, inda sanyi ke kai digiri 40 ƙasa da sifili, sai dai gaɓoɓinsa na ɓallewa su maƙale a takalmi da jikin dabba, ba na bakin hanya ba ne. Cylindropuntia imbricata yana tashi kamar ƙaramin itace har ya kai tsayin mutum, da fure ja mai shuni a farkon lokacin zafi. Cikin masu siffar ƙwallo akwai Escobaria vivipara, da Pediocactus simpsonii na kan tsaunuka, da Echinocereus triglochidiatus wanda furensa ja jawur ne, shi ne wanda baƙo ke tsayawa ya tambaya.

Don tsayi da siffa, Yucca glauca ba ta mutuwa, amma ka tabbata inda ka sa ta nan kake so, don saiwarta na nutsewa ƙwarai, kowane guntu da ya rage kuma zai sake tsirowa. Yucca rostrata mai kututture ta fi kyau, ta kuma fi tsada, kuma tana son gindin bango. Kada a yanke busassun ganyen da ke rufe kututturenta. Hesperaloe parviflora tana fitar da dogon kara mai jan fure na tsawon watanni. Agave parryi, musamman irin da ya fito daga tsaunukan Sabuwar Meziko, yana jure digiri 20 ƙasa da sifili har da ƙari idan a bushe yake. Matsalarsa siffarsa ce: ganyen a tattare suke suna kallon sama, ruwa na taruwa a tsakiya ya daskare. Shi ya sa ake dasa shi a karkace a jikin gangare, yana ɗan kallon kudu, ruwan ya tsiyaye.

Lambun da ba shi da komai sai ƙaya da dutse yana gajiyar da ido, a ganina ma bai yi kama da hamadar gaske ba. A haɗa da ciyawar Bouteloua gracilis, da furanni irin su Penstemon da Agastache rupestris, da ƙananan itatuwa kamar Fallugia paradoxa da Ericameria nauseosa mai ruwan ɗorawar fure a Satumba. Don shimfiɗa ƙasa akwai Delosperma, wadda asalinta tsaunukan Lesoto da Afirka ta Kudu ne, kuma lambun tsirrai na birnin Denba ne ya yaɗa ta a Amurka ta hannun Panayoti Kelaidis. Wannan lambu na Denba da Jami'ar Jihar Kolarado suna da shiri mai suna Plant Select da ke gwada tsirrai kafin a sa su kasuwa, alamarsa a jikin tukunya abin dogaro ce ga mai farawa.

Dashe da ban ruwa

Lokacin dashe daga tsakiyar Mayu ne zuwa ƙarshen Yuni, bayan daskarewar ƙarshe, wadda a Denba kan faɗo a farkon Mayu. Kaktus da agabe suna buƙatar duk watannin zafi su kafa saiwa. Wanda aka dasa a Satumba, ƙasa na daskarewa tana kumbura tana narkewa, sai ta tura shi waje ka tarar da saiwarsa a fili.

Ƙasar da ke cikin tukunyar kanti a karkaɗe ta, ko a wanke. An haɗa ta ne don ta riƙe ruwa, kuma idan aka binne ta yadda take, dunƙulen zai zauna a jiƙe a hunturu, a lokacin zafi kuma idan ya bushe ruwa ba ya ratsa shi. Bayan an tsabtace saiwar kaktus, a ajiye shi a inuwa kwana uku zuwa biyar raunukan su bushe, a dasa a busasshiyar ƙasa, a jira mako guda kafin ruwan farko. Furanni da ciyayi da itatuwa kuwa nan take ake ba su ruwa. Wuyan tsiro ya kasance daidai da saman tsakuwa ko ɗan sama kaɗan. Tsiron da ya taso a ɗakin gilashi yana ƙonewa a ranar tudu, a saba masa da ita a hankali na mako ɗaya ko biyu. Ana riƙe kaktus da awartaki ko da jarida da aka naɗe. Ƙananan ƙayoyin Opuntia masu kama da gashi suna ratsa safar hannu ta yadi, abin da ke cire su daga fata shi ne salatif ko gam ɗin katako da aka bari ya bushe a ɓare.

Kalmar jure fari tana yaudarar mutane a shekarar farko. Tsiron da bai kafa saiwa ba ba ya jure komai. Furanni da itatuwa a ba su ruwa sau biyu a mako a watan farko, sannan sau ɗaya, lita 4 zuwa 8 kowanne gwargwadon girma, a zuba a hankali ya nutse. Kaktus da agabe sau ɗaya cikin kwana goma zuwa sha huɗu ya isa, idan ba a yi ruwan sama ba. A shekara ta biyu a rage rabi. Daga ta uku yawancinsu sai an yi dogon fari. A raba masu shan ruwa da marasa sha tun wajen dashe, don kada bututu ɗaya ya haɗa su, kuma a lura da feshin ciyawar maƙwabci, ya kashe kaktus da yawa.

Daga farkon Satumba a yanke wa kaktus da agabe ruwa gaba ɗaya, taki kuma tun Yuli. Dalili shi ne sanyin yankin ba ya sallama. A Nuwamban 2014 ma'auni a Denba ya faɗo daga digiri 18 zuwa kusan 25 ƙasa da sifili cikin kwana uku, itatuwa da dama da ba su gama shiga barci ba suka mutu. Itatuwa da furannin da ke shekararsu ta farko da dashe su kam suna son ruwa sau ɗaya a wata a hunturu mai bushewa, da tsakar rana, ranar da zafi ya haura digiri 4 kuma babu ƙanƙara a ƙasa. Bututun ban ruwa a zubar da ruwan cikinsa a Oktoba, in ba haka ba ya fashe.

Kada a lulluɓe tsiro da leda don kare shi daga sanyi. Gumi na taruwa a ciki, rana ta dafa shi, dare ya daskarar. Busassun karan furanni a bar su sai Maris ko Afrilu, musamman Agastache, domin karan da aka yanke yana da rami, ruwa na bi ta nan ya kai wuyan tsiron. Zomaye da ɓerayen daji kan ci Delosperma har ma da kaktus idan abinci ya yanke. Ragar waya mai ƙananan idanu, tsayin santimita 60, tana tare zomo. Farin abu mai kama da auduga a jikin Opuntia ƙwari ne masu tsotsa, ana wanke su da ruwa mai ƙarfi a lokacin zafi.

Inda hunturu ke da ruwa

Mazauna Ingila, Holan, Jamus, Toronto ko gabashin Amurka aikinsu ya fi wuya duk da cewa sanyin wasunsu bai kai na Denba ba, saboda sama a rufe take, ƙasa ba ta bushewa daga Nuwamba har Maris. A nan a cire ƙasar wurin daga haɗin, a yi tudun da yashi mai kaushi da tsakuwa zalla, kauri santimita 30 zuwa 40. Peter Korn a Suwidin ya nuna cewa tsirran busassun ƙasashe suna kafuwa a yashi zalla idan aka wanke saiwarsu kafin dashe. A Ingila kuma Beth Chatto ta mayar da tsohon wurin ajiye motoci a Essex lambun tsakuwa a farkon shekarun 1990, ba a ba shi ruwa, ko da yake furanni da ciyayi ta dogara da su, ba kaktus ba. Kaktus ɗin da ya fi dacewa da irin wannan yanayi shi ne Opuntia humifusa, ɗan gabashin Amurka, wanda ake samu har kudancin Ontariyo. Agabe da masu siffar ƙwallo kuwa sai an yi musu rumfa: faifan roba mai ganin ciki ko gilashi a kan ƙafafu huɗu, kamar santimita 30 sama da kan tsiron, a ɗan karkace, gefuna a buɗe iska na ratsawa. A ɗaure shi da kyau saboda iska, a kafa shi a Oktoba tun ƙasa na bushe, a cire a Afrilu.